NOMAN TONKA CIKIN GIDA: DAGA IRI HAR TUKUNYA

A ƙasar Kurfai da Imanan babu gidan da ake aza tukunya ba a nemi tonka ba. Tonka dai shi ne barkono. Zabarmawa su ce tonko. Miyar kuka na son shi, kwaɗon zogale na son shi, fura ma sai da ɗan yaji. Duk ranar kasuwa uwargida na fidda kuɗi ta saye shi, ƙulli-ƙulli. Kuɗin ba su da yawa a rana guda. Amma in an tara na mako 52, wato shekara guda, sun isa sayen hatsi tiya da dama.

Ga shi kuwa barkono ba shi son babban fili. Gindi 10 zuwa 20 sun ishi gida guda in an kula da su. Bayan ɗaki ya isa, gefen rijiya ya isa, ko fasasshiyar tukunya ma ta isa.

Bonkuku na cikin Dallol Boso, bisa hanyar Yamai zuwa Filinge, wajen kilomita 140 daga Yamai. Ruwan sama ba shi da yawa a wagga ƙasa, wata shekara hatsi ba shi kai gida ga damina. Amma cikin dallol ruwa kusa yake, in an gina mita kaɗan sai a tarar da shi. Shi ya sa garka ta zama gona ta biyu. A shekara ta 1984, da fari ya ƙone gonaki, gwamnatin Seini Kunce ta yi kira ga jama'ar Nijar duka su kama noman rani. Mutanen Bonkuku sun riƙe abin da kyau, har garin ya yi suna wajen dankalin turawa. Wanda ya iya dankali, barkono ba za shi gagare shi ba. Sai dai kowace shuka da halinta.

INA BARKONO YA FITO?

Da yawa na tsammanin barkono ɗan ƙasa ne tun fil azal. Ba haka ba ne. Asalinshi ƙasashen Meziko da Amurka ta Kudu. Bayan shekara ta 1492, da jiragen ruwan Turawa sunka isa can, sai sunka ɗauko irinshi. Mutanen Fotugal sunka kai shi gaɓar Afirka da Indiya. Daga bakin teku fatake sunka hauro da shi arewa. Kafin zuwanshi, yajin kakanni shi ne kimba da masoro da citta.

Yau a Nijar, jihar Difa ce ta yi fice wajen tattasai. Ana noma shi a bakin kogin Komadugu, a shanya, a ɗura buhu-buhu, a kai har Najeriya.

Iri-iri ne. Akwai dogo siriri mai jan launi, shi anka fi shanyawa a daka. Akwai tsidugu, ɗan ƙarami mai zafi ƙwarai. Akwai attarugu, mai ƙumburi da ƙamshi, shi ɗanye anka fi aiki da shi. Akwai tattasai, babba, yajinshi kaɗan, shi ke sa miya ja. Wanda bai taɓa shukawa ba gara shi fara da dogon nan siriri. Ya fi jure zafi, ya fi saurin tsiro, kuma shina ajiyuwa.

ZAƁEN IRI

Aikin duk daga iri yake farawa. Mutane da yawa na ɓare barkonon kasuwa su watsa, su yi ta jira, babu abin da ya fito. Sai su ce ƙasar ce ba ta so. Sau da yawa laifin iri ne. Barkonon kasuwa ba a san shekarunshi ba. Wani an tsinke shi bai gama nuna ba. Wani ya daɗe cikin buhu cikin zafin rana har ƙwayar ta mutu.

Iri mai kyau daga gindi mai lafiya ake samun shi. A duba garkar maƙwabci ko ta dangi. A zaɓi gindin da ganyenshi bai nannaɗe ba, mai ɗiya da yawa. A bari ɗiyan su nuna su yi ja sosai bisa uwarsu. Sannan a tsinke, a tsaga, a kankare ƙwayoyin bisa takarda ko faranti. A shanya su cikin inuwa, wurin da iska ke shiga, kwana 7. Rana mai zafi na kashe su.

Akwai kuma irin da ake sayarwa cikin ƴar takarda ko gwangwani. A duba kwanan watan da anka rubuta a jiki, nan karatu ke da rana. In an ga an rubuta F1, to wanga iri aure ne anka haɗa. Shina ba da amfani mai kyau a shukar farko. Amma in an ɗebi ɗiyanshi an sake shukawa, ba su fitowa kamar uwarsu. Mai son ajiye iri kowace shekara shi nemi na gargajiya.

Kafin a shuka, a gwada. A ƙirga ƙwaya 10, a sa cikin tsumma mai laima, a naɗe, a ajiye cikin ɗaki. Kullum a yayyafa ruwa kaɗan. Bayan kwana 10 zuwa 14 a buɗe. In 7 ko 8 sun fidda fari, irin na da kyau. In 4 ko 5 ne, a ƙara yawan wanda za a shuka. In bai kai 3 ba, a nemi wani tun lokaci bai wuce ba.

Ba a bukatar iri da yawa. Giram 1 ya fi ƙwaya 100. Cikin murfin kwalbar lemo guda ya ishi gida har a ba maƙwabta.

WANE LOKACI?

Barkono na son ɗumi, amma ba shi son zafi mai tsanani, ba shi son sanyi. Lokaci biyu ne sunka fi dacewa a nan.

Na farko, ƙarshen damina, watan Satumba zuwa Oktoba. Ƙasa na da ɗumi, iri na tsira da sauri, a yi dashe cikin Nuwamba, a fara tsinka tun bazara ba ta kama ba. Na biyu, watan Mayu zuwa farkon Yuni, a rene shi ƙarƙashin inuwa, a dasa in ruwa ya zauna.

Wanda ya shuka tsakiyar ɗari, Disamba ko Janairu, za shi ga iri ya yi nawa. Shina iya mako 3 ko 4 bai fito ba. Kuma furenshi zai faɗa cikin zafin Afirilu. In zafi ya wuce awo 35, fure na kaɗewa ba tare da ya ɗaura ɗiya ba. Ba ciwo ba ne, ba kuma sammu ba ne, zafi ne.

RENON IRI

Ba a watsa barkono kai tsaye inda za shi girma. Sai an rene shi tukuna. Malaman gona na ce ma wurin reno pepiniyar. Don amfanin gida, tsohon kwano ko kasko ko jarka da anka yanke ya isa. A huda gindinshi don ruwa shi riƙa fita. In a ƙasa ne, a yi ɗan fangali, tsawo mita 1, faɗi mita 1, a ɗaga shi kaɗan.

A haɗa ƙasa kashi 2 da taki kashi 1. Takin shi zan ruɓaɓɓe, wanda ya yi baƙi, ya daina wari, ya koma kamar ƙasa. Ɗanyen taki na ƙone tsiro, shina kawo gara da ciyawa. Wasu manoma na tara kara bisa fangalin su cinna wuta kafin shuka. Dabara ce mai kyau, tana rage ƙwayoyin cuta da ɗiyan haki.

A ja layi da ɗan yatsa, tsakanin layi da layi yatsa 6 ko taƙi guda. A jera ƙwaya ɗai-ɗai, kar a zuba tari. Zurfin kar shi wuce santimita 1, wato kamar faɗin farce. Wanda ya binne iri da zurfi ya yi mashi kabari. A rufe da ƙasa mai laushi, a shimfiɗa busasshen haki a sama, a ba da ruwa sannu, safe da marece. Da arozuwar mai ƙananan huji ake yi, ko gwangwanin da anka huhhuda da ƙusa. In an kwarara ruwa da guga sai shi kwashe irin.

Daga kwana 8 zuwa 15 za a ga tsiro. Attarugu ya fi nawa, wani sa'i sai mako 3. Da an ga tsiro a ɗauke hakin. In an bar shi, tsiron na miƙewa dogo siriri shi faɗi. A kafa ƴar rumfa ta kara, tsawon gwiwa, mai barin rana ta shiga kaɗan.

Babban abin da ke kashe tsiro shi ne yawan ruwa. Sai a tashi da safe a ga sun kwanta, gindinsu ya sirance ya yi baƙi kamar an tsunkule. Ruɓa ce, laima da cunkoso ke kawo ta. Maganinta a rage ruwa, a cire waɗanda sunka kamu, a rage cunkoso har kowane tsiro shi samu wurin yatsa 2 ko 3 tsakaninshi da ɗan'uwanshi.

Sai kaji da ƙadangaru da gyare. Kaza guda na iya gama aikin wata guda kafin a gama wanke kwano. Tsohon gidan sauro da ya yage, wanda ba a kwana ciki, shina da amfani a nan. A ɗinke hujin a rufe fangalin da shi. Shina tsare kaji. Amma kar a ɗauke wanda yara ke kwana ciki. Masassarar cizon sauro ta fi asarar barkono.

DASHE, DA MAGANAR ƘASAR DANKALI

Bayan kwana 40 zuwa 45, tsiro ya yi ganye 5 ko 6, tsawonshi ya kai taƙi. Ya isa dashe. Mako guda kafin nan a riƙa ɗage rumfar, a rage ruwa kaɗan, don shi saba da rana.

A nan akwai maganar da ta shafi mutanen Bonkuku fiye da kowa. Barkono da dankalin turawa dangi guda ne. Tumatir da yalo da gauta da taba ma danginsu ne. Ciwonsu guda, ƙwarinsu guda. Wurin da anka haƙe dankali bana, ciwon da ya bari cikin ƙasa na nan shina jiran barkono.

Biyu sun fi muni. Na ɗaya wasu tsutsotsi ne ƙanana da ido ba shi gani. Suna son ƙasa mai rairayi irin ta dallol. Suna shiga saiwa, sai ta yi ƙulu-ƙulu kamar an jera tsakiya. Shukar ta tsumbure, ta yi ɗorawa, tana yaushi ko an ba ta ruwa. Kuɓewa ma suna kama ta ƙwarai. Na biyu wata ƙwayar cuta ce mai toshe hanyar ruwa cikin kara. Shuka na kore shar da safe, da marece ta yi laushi, kwana biyu ta mutu. In an yanke karan an tsoma cikin ruwa mai tsabta a kwalba, sai a ga wani farin abu na zuba kamar zaren nono. Wagga cuta ba ta da maganin fesawa. Mai sayar da magani a kasuwa in ya ce shina da shi, kuɗi kawai za shi ci. Abin yi shi ne a tumɓuke shukar da ƙasar gindinta, a fitar daga garka, a ƙone.

Saboda haka a dasa barkono inda anka yi albasa, ko tafarnuwa, ko masara, ko hatsi, ko gujiya. Wurin da dangin dankali sunka zauna a ba shi shekara 3 kafin a maido su. Mai ƙaramar garka zai ce ina wurin yake? Shi raba ta kashi-kashi da igiya, shi rubuta cikin littafinshi abin da ya sa a kowane kashi da shekarar. Dankalin Hausa mai zaƙi shi ba danginsu ba ne, suna ne kawai ya haɗa su.

A kuma guji wurin da ƙasa ke fidda fari-fari na kanwa ko gishiri. Akwai irin waɗanga wurare cikin dallol. Barkono ba shi jure su, bakin ganyenshi na ƙonewa. Ruwan wanki mai sabulu ma haka, kar a riƙa zuba mashi.

Ga lissafin fangali. Faɗi mita 1, tsawo mita 5. A yi layi 2. Tsakanin gindi da gindi santimita 50, wato kamar kamu guda. Kowane layi na ɗaukar gindi 10. Layi 2, gindi 20 ke nan. A zuba ruɓaɓɓen taki bokiti 5, bokiti guda ga kowace mita, a kafce a gauraya. In cikin tukunya ko buhu ne, gindi guda ga kowane, kuma mazubin shi kai girman bokiti.

Da marece ake dashe. A jiƙa wurin renon tukuna, a ɗago tsiro da ƙasar gindinshi, da cokali ko ɗan icce. Kar a fizge. A sa shi daidai zurfin da shike a da, a danne ƙasa, a ba shi ruwa nan take. Masu shan taba da masu cin ta su wanke hannu da sabulu kafin su taɓa tsiro, don akwai ciwon ganye da ke bin taba. A bar ƴan tsiro kaɗan a wurin reno don cike gurbin waɗanda ba su kama ba.

Kuma a yi darni. Akuya ba ta jin yajin ganye.

BAN RUWA DA TAKI

Barkono na son ruwa daidai, kullum. Fangalin nan mai gindi 20 na shan kamar arozuwar 3 ta lita 10 a rana lokacin ɗari. In zafi ya kama sai an ƙara, a raba safe da marece. A gindi ake zubawa. Mai injin ban ruwa shi kula, kar shi mai da fangali tabki, saiwa na ruɓewa. Wanda ya bar shi da ƙishirwa kwana 3, sannan ya cika shi da ruwa, za shi ga fure na zuba, ƙasan ɗiya na yin baƙin tabo. A shimfiɗa kara ko haki a gindi, shina riƙe laima, shina rage yawan ja daga rijiya.

Mai halin sayen takin zamani, irin mai lamba 15-15-15, shi sa cikin murfin kwalba guda ga kowane gindi, mako 2 ko 3 bayan dashe. A nesanta shi da kara kamar yatsa 4, a rufe, a ba da ruwa. A sake in fure ya fito. Farin takin nan ure in ya yi yawa, sai shuka ta yi ganye luf-luf babu ɗiya. Tokar murhu kaɗan na taimako.

ƘWARI

A riƙa juya ganye ana duba bayanshi, nan ƙwari ke ɓoyewa. Akwai ƙanana masu tsotso masu barin darɓa, akwai farin ƙuda, akwai jan gizo-gizo mai kama da ƙura, akwai tsutsa mai huda ɗiya.

Maganin na tsaye a ƙofar gida: iccen bedi, wato dogon yaro. A tara ɗiyanshi busassu, a daka rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 shi kwana. Da safe a tace da tsumma, a narka ɗan sabulu a ciki. A yayyafa da marece, sama da ƙasan ganye, da tsintsiya in babu famfo. A maimaita kowane mako. Ba shi kashewa nan take, hana su ci yake. Amma in ganye ya riga ya nannaɗe ya ƙanƙance, shukar ta daina girma, wannan ba ta warkewa. A cire ta kar ta shafa ma sauran.

Maganin ƙwari na kasuwa wanda babu takarda a jiki, ko wanda ake aunawa cikin ƴar kwalba irin piya-piya, guba ne. Ba a fesa shi ga abin da za a ci gobe. Ba a kuma zuba shi cikin buhun barkono don ajiya. Wanda ƙwari sunka fi ƙarfinshi shi je wurin malamin gona na Bonkuku ko na Filinge da ganyen a hannu. Shi zai faɗi maganin da hukuma ta yarda da shi, da kwana nawa za a jira kafin tsinka.

TSINKA DA SHANYA

Wata 2 da rabi zuwa 3 bayan dashe ake fara tsinka. A tsinke da ɗan ƙusurin karan, kar a ja a karya reshe. Kowane mako a zagaya. Yawan tsinka na sa shi ƙara fure. Gindin da ya sha bazara bai mutu ba, a datse rassanshi, in damina ta sauka sai shi sake tohowa.

Shanya na son kula. Barkonon da anka baza bisa ƙasa na kwasar rairayi da kashin dabbobi. Wanda bai bushe sosai ba, in an ɗura shi sai shi yi funfuna daga ciki. Funfunar nan na iya barin wata guba da likitoci ke kira afalatoksin. Dahuwa ba ta kashe ta, kuma in ana cin ta yau da gobe tana lalata hanta. Ita ce mai kama gujiya da masara. Saboda haka a shanya bisa tabarma mai tsabta, ko bisa rumfa, shimfiɗa guda ba tari ba. A juya kullum, a shigar da shi da dare. Cikin kwana 7 zuwa 14 ya bushe. Alama ita ce in an girgiza a ji ƙwaya na kaɗawa, in an lanƙwasa shi karye. Duk wanda ya yi baƙi ko fari a ciki a zubar. Kilo 4 ko 5 na ɗanye ke ba da kilo 1 na busasshe.

A ajiye shi ɗungum cikin buhu mai tsabta, a rataye. A riƙa daka na mako 2 ko 3 kawai, don gari na saurin rasa ƙamshi da launi. Abin da ya yi saura ana iya kai shi kasuwar Bonkuku, ko ta Ballayara ranar Lahadi. Busasshe ba shi tilasta mai shi sayarwa ranar da kaya sunka yi yawa, shina jira.

A TUKUNYA

Yajin barkono ba cikin ƙwaya yake ba, kamar yadda ake faɗi. Cikin farin naman nan yake, wanda ƙwayoyin ke manne da shi. Mai son ƙamshin attarugu ba tare da zafi da yawa ba, ta tsaga ta kankare farin. Ko ta jefa shi ɗungum cikin miya ba ta fasa ba, ta tsame in an sauke. Haka yara da tsofaffi su ci, mai son yaji shi murƙushe nashi cikin kwanonshi.

Abin da ke sa zafin ba shi narkewa cikin ruwa, cikin mai yake narkewa. Shi ya sa wanda yaji ya kama in ya sha ruwa ba shi jin sauƙi, amma in ya kurɓi nono sai shi lafa. Miyar da yaji ya yi ma yawa, a ƙara mata tunkuza ko dakakkiyar gujiya, ko a ƙara yawanta. Hannun da ke zafi a shafa mashi mai, sannan a wanke da sabulu. In ido ne, ruwa mai tsabta da yawa, a yi ta zubawa, kar a murza. Tsuntsaye su ba su jin wanga zafi ko kaɗan, shi ya sa suke cin jan barkono su kai irinshi nesa.

Ga yajin gida, awo da ƙaramin gwangwanin tumatir. Garin tonka 1, garin ƙuli-ƙuli 3, citta rabi, kanunfari da masoro kaɗan, gishiri daidai baki. A daka kowane dabam, a haɗa, a sake dakawa, a tankaɗe, a zuba cikin kwalba busasshiya mai murfi. Shina shiga wake da shinkafa, da dambu, da kwaɗon zogale, da gasasshen nama, da dafaffen dankali. Wanda ya daka nashi ya san abin da ke ciki. Garin kasuwa wani sa'i ana ƙara mashi dusa ko jan launi.

Na ɗanye kuwa: attarugu 5, albasa 2, tafarnuwa kaɗan, tumatir in akwai. A jajjaga, a soya cikin man gujiya da gishiri da daudawa har ruwan shi ƙone, mai shi taso. Wanga ba shi daɗewa a lokacin zafi, a yi na kwana 2 ko 3, a riƙa ɗiba da cokali mai tsabta.

Mace mai goyo ta sauke yaro kafin ta daka barkono. A waje ake daka, iska na bayan mai daka. Ɗigon mai kaɗan cikin turmi na hana gari tashi. Masu ciwon fuka su nisanci wurin, da hayaƙinshi.

Ɗanyen jan barkono na da bitamin C da bitamin A. Bitamin A shi ke tsare ido daga dundumi. Amma barkono kaɗan ake ci, ba shi maye gurbin zogale da kabewa da karas da mangwaro. Kunun jariri ba a sa mashi yaji. Gyambon ciki kuwa, likitoci sun gano yawanci wata ƙwayar cuta ke kawo shi, ko yawan shan wasu ƙwayoyin ciwon jiki. Barkono ba shi ne tushe ba, amma shina tsananta zafin ga wanda ya kamu. Mai ciwon shi rage yaji, shi je gidan likita. Ba a sa barkono ga rauni, ba a yi ma yaro horo da shi.

Shi kanshi maganin ƙwari ne a garka. Giram 100 na dakakke cikin ruwa lita 1, shi kwana, a tace, a ƙara ruwan sabulu lita 5. A gwada bisa ganye kaɗan tukuna, in bai ƙone ba a fesa ma kabeji da sauran ganye. Mai fesawa shi rufe hanci da ido.

IRIN BAƊI

Tun tsinka ta farko ko ta biyu ake ware iri, ba a jiran ragowar ƙarshe. A ɗaura tsumma ga gindi 2 ko 3 da sunka fi kyau, don yara su san ba na miya ba ne. In tattasai da tsidugu na kusa da juna, zuma na kai garin fure daga wanga zuwa wancan. Ɗiyan bana ba su sakewa, amma irin da za a shuka baɗi na iya fitowa gauraye, tattasai shi yi yaji. Mai son iri tsantsa shi nesanta su, ko shi rufe reshe guda da ƙyallen gidan sauro tun fure bai buɗe ba.

In irin ya bushe, a naɗe cikin takarda, a sa cikin kwalba da ɗan toka busasshiya, a toshe. A ajiye wuri mai sanyi cikin ɗaki, nesa da murhu da rufin kwano. Cikin zafin wagga ƙasa iri na rage ƙarfi bayan shekara 1 ko 2. A rubuta sunanshi da wata da shekara bisa takardar, kamar haka: tonka dogo, Maris 2025.